Cingam a Takardar Aji Bakwai

Ba zan taɓa mantawa da ranar da cingam ya cinye mini aikin akawu ba. Ko na so in manta, Bulus ba zai bari ba.

Lokacin muna Jihar Arewa maso Gabas, ni masinja ne a wani ofis a Jimeta. Shekara tara ina jigilar fayil, ina gyara wa masu satifiket rubutunsu a ɓoye. Sai aka ce ana neman akawu, manya za su zo daga Maiduguri su yi intabiyu. Duk abin da na mallaka na boko takarda ɗaya ce, shaidar gama aji bakwai.

Bulus direban ofishinmu ne, a Demsawo yake zaune. Ya dubi bakina ya ce, "Malam, da wannan haƙori za ka je? Kamar ka ciji jan bulo!" Aikin goro ne tun ina saurayi. Ya ce cingam yana goge shi tas, haka Turawa suke yi. (Bulus bai taɓa leƙa bakin Bature ba, amma na yarda. Wannan laifina ne.)

Kwana uku ina tauna har muƙamuƙina ya yi tsami. Jan ya ɗan dusashe, ko kuma madubin ne ya ji tausayina. Ranar intabiyu na cusa guda biyar a baki, na zauna a benci ina tuƙa kamar saniya. Kwatsam aka kira sunana. Ba wurin tofarwa, haɗiyewa kuma an ce yana naɗe hanji. Na zaro wata takarda daga aljihu, na tofa, na ninke, na mayar. Sai kuma aka tsayar da ni a baranda cikin ranar Yola kusan awa guda, wai manya suna shan shayi.

Na shiga na tarar da su uku, na rusuna. Shugabansu, wani dattijo mai gilashi, ya ce, "Ina takardarka?"

Na sa hannu a aljihu. Takarda ɗaya ce a ciki.

Na miƙa masa, ya ja, ta ƙi buɗuwa. Ya ƙara ja, zare ya miƙe tsakanin hannuwansa, sunana da sa hannun hedimasta suka yage suka bi cingam.

Ya ce, "Wannan hatimin wace makaranta ne?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, maganin haƙori ne."

Su ukun suka wage baki suna dariya. A nan na ga abin da har yau yake ƙona mini rai: haƙoransu sun fi nawa ja. Ɗayan ma goron na cikin kumatunsa.

Aikin, surukin ɗayansu aka ba, mai giɓi uku. Ni har gobe fayil nake ɗauka, Bulus kuma in ya hango ni sai ya sara ya ce, "Akawu!" Na koma wa gorona. Abin da na koya bai da yawa: kafin ka wanke baki saboda manya, bari su fara buɗe nasu ka gani.