Kangon Rum da Kangon Funtuwa

Wani Alhaji ne a Funtuwa, Barau, yana da kango a bayan tasha shekara goma sha bakwai ba rufi. Awakin unguwa sun haihu a ciki har sun ga jikoki. Matarsa Hajiya Tabawa kuwa ta gaji da zaman ɗaki ɗaya a gidan gado, kullum maganarta kenan: yaushe za a sa kwano ta tare? Shi kuma amsarsa ɗaya ce, bayan damina. Ana nan sai autansu da ke karatu a birnin Rum ya gama, ya ɗauko su su ga bikin yaye shi. Washegari ya ja su tsohon gari, suka sha tafiya a kan duwatsun titi har ƙafar Hajiya ta kumbura, sannan suka ɓullo gaban wani ƙaton gini zagayayye, gefe guda a rushe, tagogi ba ƙyaure, sama fayau. Ga Turawa cincirindo a layi, kowa na ɗaukar hoto kamar an ce gobe za a kwashe shi. Auta ya ce nan ne a zamanin da ake haɗa mutane faɗa da zakuna, kuma ginin ya kusa shekara dubu biyu.

Wayyo daɗi! Alhaji ya ji kamar an yi masa bushara. Ya gyara hula, ya ɗaga murya yadda har Turawan sai da suka waiwayo.

"Tabawa, buɗe ido ki gani! Mutanen nan da duk iliminsu, shekara dubu biyu ba su yi rufi ba, duniya kuma na zuwa kallo. Ni sha bakwai kacal kin hana ni shan ruwa."

Hajiya ba ta ko dube shi ba. Ta samu dutse ta zauna tana matsa ƙafa, ta tambayi Auta wane ne mai ginin, kuma ya aka ƙare da shi. Auta ya ce wani sarkinsu ne ya fara, amma bai ga ƙarshensa ba, sai da ya mutu ɗansa ya ƙarasa.

Ta jinjina kai, ta gyara mayafi.

"To ka ji yadda manya ke yi, Auta. Kai fara tanadin kwano, ni kuma in fara tanadin kayan takaba."