Na'ura Ta Ƙi Yatsan Mai Wanki

"Lafiya lau, sai dai ganinka," abin da na fara jiyowa ke nan ta kan katanga, na san Tela ya shigo wurin kakarsa. Na ajiye tsintsiya na leƙa, don ba a abu a maƙwabta ba da idona ba.

Tsohuwar wankau take yi, shekara arba'in tana cuɗar kayan mutane. Autarta, goggon Tela, da ke aikin kula da tsofaffi a ƙasar waje ta turo mata kuɗin gyaran rufin ɗaki ta shagon masu tura kuɗi. Sau uku tana zuwa, sau uku na'urar shagon tana ƙin yatsanta, wai sabulu ya cinye zanen. Mai shago ya ce saura kwana takwas, in ba a karɓa ba kuɗin su koma inda suka fito, a kuma yanke wani abu a ciki. Ga hadari kullum yana leƙe.

Tela ya zauna a kan bokitin da ta kife.

"Amarya, na ji labari. Wai ko na'ura ta ce ba ta san ki ba?"

"Na'urar ce makauniya, irin mai gidana da ke ɗinka wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya."

"Mai shago ya ce da kika ɗora yatsa, sai na'urar ta rubuta wai a cire sabulun a sa hannu."

"Ƙaryarka. Kai da aka kai makaranta aka dawo da kai da canji, ina ka iya karanta abin da na'ura ta rubuta?"

"To ji nan. Ki ce wa Goggo ta janye kuɗin ta turo ta wayata. Kafin ki matse zanen nan sun shigo, ɗif."

"Ɗif a wayarka, ɗif a cikinka. Yaushe aka fara ba kura ajiyar nama?"

"Ni ne kurar? Ni da nake ciyar da ke?"

"Da me? Da surutu? In da surutu na ƙosarwa da na fi tulu ƙiba."

Tela ya gyara hula. "To akwai mai kantin kayan gini. Ƙanensa na can ƙasar. Goggo ta ba ƙanen a can, shi ya ƙirga miki a nan. Ba yatsa, ba kati."

"Wannan da bakinsa ya fi ƙofar kantinsa faɗi? Kafin in iso gida dangi sun yi layi har bakin titi, kowa da ciwon da ya kwana da shi."

"To a ba matafiyi ya zo da su a aljihu."

"Na bara da aka ba, har yau yana hanya. Ina jin a kan kunkuru ya taho."

Ni dai dariya ta kusa jefo ni daga kan turmin da na taka.

Tsohuwa ta yarfe hannu, ta dube shi sosai. "Yarinyar nan wanka take yi wa iyayen wasu, tana kwashe musu abin da ba a faɗa, ta tara wannan. Duk ta kira sai ta ce, Inna, ya shiga hannunki? Wannan karon so nake in ce mata e, ba tare da na ari hannun kowa ba. Da yatsan nan na yi mata kuɗin jirgi, da shi zan karɓa."

Tela ya matso kusa da ita. Ya kamo hannunta ya juya, yana duba babban yatsan da ya yi sumul kamar bayan cokali.

"To mai shagon bai faɗi magani ba?"

"Ya faɗa. Wai in huta da ruwa da sabulu kwana bakwai, ina shafa mai, zanen zai ɗan taso."

"Shi ke nan, ki huta mana."

"Kayan gida huɗu ne a ƙullin can. In na huta su koma wurin wata, in gyara rufi in zauna a ƙarƙashinsa ina cin iska?"

"Ki nemi mai taya ki."

"Na samu ai."

"Wa?"

"Ga shi zaune a kan bokitina."

Tela ya miƙe kamar ya zauna a kan garwashi. "Ni? Da gemuna? Mai keken ɗinki biyu?"

"Ɗaya aro ne, ɗayan kuma tari yake yi. Ba kai ke cewa kai ne mijina ba? Miji ba a baki yake ba."

"Na sake ki. Saki uku."

"Sai ka gama wanki. Ba a saki da kumfa a ƙasa."

"In abokaina suka gan ni fa?"

"Ka ce musu gado kake koya. Tashi, rana na tafiya. Fararen daban, masu zuba daban, kuma kar ka murɗe rigar malamar asibiti."

Ya dube ni a kan katanga, wai ko zan cece shi. Na ce masa ni shaida ce kawai, in yana so in ara masa kujera 'yar tsugune.

Sai ya fashe da dariya, ya naɗe ƙafar wando, ya tuɓe agogo ya miƙa mata. Ya zaro kwalbar man keken ɗinki daga aljihu ya ajiye a cinyarta.

"Ungo, fara shafawa da wannan. Kwana bakwai, ba ƙari. Ranar ta takwas ni zan kai ki shagon, in na'urar ta sake ƙi, a gwada yatsan ƙafa."

Ta ɗiga man a babban yatsa, ta ɗaga shi sama kamar mai jiran lalle ya kama, ta miƙe ƙafafu a inuwa.

"Cuɗa da kyau, angona. Wuyan rigar nan bai fita ba."