Rasuwar Bakuwaitiya, Mai Karanta Faifai

Da zuciya mai nauyi, cike da baƙin ciki da miƙa wuya ga ikon Allah, ni Ustaz Midhat Sha'aban, tsohon malamin lissafi a Damanhur, ina sanar da 'yan'uwana malamai masu ritaya rasuwar na'urar karanta faifan filofi ta kwamfutar gidanmu, wadda kuka sani da suna Bakuwaitiya. Ta cika ranar Juma'a bayan La'asar, da faifai a bakinta.

Marigayiyar ta zo mana naɗe cikin tawul, shekarar da na gama koyarwa a Kuwait. Lokacin ba mu da firji, fankarmu ma sai ta ga dama take juya kai. Mai ɗakina Hajja Kausar ta ce in taho da firji, na taho da kwamfuta. Ta yafe mini, amma takan tuna.

Mai haƙuri ce, kuma ta koya wa kowa haƙuri. In ka ba ta faifai sai ta ce "grrr, tak, tak", ta shiga nazari. Ka haɗa shayi, ka sha, ka dawo ka tarar ta kusa yanke shawara. A hannunta ɗana Wa'il ya rubuta wasan kwamfuta na jaki mai tsallaka gada yana ɗan sakandare, kuma ta riƙe masa sunansa a saman gwanayen wasan tun daga lokacin.

Yanzu Wa'il yana aiki a Dammam. 'Yarsa Tasnim, 'yar aji huɗu, tana wurinmu, kuma ta rantse sai ya zo hutun Sallah ya tarar da sunanta a kan nasa. Ya yi mata dariya a waya, ya ce, "Ke da jakin ke kayarwa a ruwa? Sai na gani da idona, yarinya."

Ciwon ya fara da gardama. Takan karanta, amma in an ce ta rubuta sai ta yi "tak-tak-tak" ta yi shiru. Tasnim ta wuce ubanta a wasan, sunanta ya ƙi zama. Na bi abin yadda nake koya wa ɗalibai, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Na gwada wani faifan. Na duba 'yar tagar faifan da ke hana rubutu. Na cire waya na mayar. Robar da ke juya faifan ta narke kamar kwalta, na musanya ta da ta ɗaurin gashin Tasnim. Na goge idon karatun da auduga da sifirit. Sai ta ɗan farfaɗo ta karanta, kafin mako ya zagayo ta sake kwanciya. Kullum Juma'a ce, na kuwa rasa gane wannan lissafi.

Da ta daina motsi, ni da Tasnim muka kai ta wurin Usta Girgis mai gyaran rediyo. Ya kwance ta, ya kai hanci, ya ɗago.

"Ya Ustaz, ko cocinmu ranar idi ba ya wannan ƙamshi. Wa ke yi mata turare? Idon ya daskare da ƙaro, ya tafi ke nan."

Tasnim ta sunkuyar da kai. "Teta ce," in ji ta, tana nufin kakarta. "Ta ce bakin maƙwabciyarmu ne ya kama ta, don matar ta ce na'urar har yanzu tana aiki, ba ta ce masha Allah ba. In ka tafi masallaci sai ta kawo kaskon turare. Ni nake riƙe mata ƙofar faifan a buɗe, don hayaƙin ya shiga sosai sunana ya zauna."

Da muka dawo, Hajja tana bakin ƙofa, hannu a ƙirji. "Me ya ce? Me ya kashe ta?"

Ban buɗe baki ba Tasnim ta riga ni. "Tsufa ne, Teta. Ya ce ma ta yi ƙoƙari."

Marigayiyar ta bar kwamfuta ɗaya, tsohuwar talabijin da suka yi zaman amana, sandar sarrafa wasan kwamfuta mai karyayyen wuya, da kwalin takalmi cike da faifai marayu da babu mai karanta su.

Za a suturta ta cikin mayafin saƙa da Hajja ta yi mata, a kai ta makwancinta a saman kabad, kusa da rediyon mahaifina, ranar Lahadi bayan Azahar. Zaman makoki a falonmu ne, akwai gahawa marar sukari. Hajja ba ta karanta allon sanarwar ƙungiyarmu ta malamai masu ritaya, saboda haka ina roƙon duk mai zuwa ya ce tsufa ne, kada kuma wani ya yaba ƙamshin ɗakin. Tasnim ce za ta karɓi gaisuwa. Ta gane ubanta zai zo ya tafi bai ga sunanta ba, ta kuma gane wannan bai kai a sa Teta kuka ba.