Nomau da Ƙyallaye Shida

A Tungar Gawo akwai wani gida mai mutum uku. Akwai Arzika, maigidan, manomi mai gona biyu da jaki ɗaya. Akwai matarsa Tumba, mace mai baki amma mai aiki. Sai ƙanensa Nomau, wanda ya ba shekara talatin baya bai yi aure ba, don duk ƙauyen an san Allah bai cika masa ba. Ba ya duka, ba ya zagi, ba ya fashin salla. Abin da ke damunsa ɗaya ne: abin da aka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. In aka ce ya tsare akuya, akuyar zai tsare ko da kura na jan tunkiya a gefensa. Mutane na yi masa dariya. Amma a zamanin da za a ba mutum magana biyar ya riƙe biyu ya zubar da uku a hanya, ba Nomau ne ya fi cancantar dariya ba.

Arzika ya daɗe da ciwon ƙaba a ƙasan cikinsa. Bara ta hana shi gama noma, ciyawa ta cinye rabin gonar, hatsi ya ƙare musu tun kafin bazara. Bana ya ƙudura sai an yi masa aiki ya warke kafin ruwan fari ya sauka. Likitan da ke yin aikin kuwa sau ɗaya yake zuwa asibitin gari a mako biyu, kuma an ce bayan aiki sai mutum ya yi mako shida bai ɗauki fartanya ba. Kwanakin sun zo cif-cif, babu na ɓatarwa. Shi kuma Nomau abin da ke ransa daban ne. Mahaifinsu an taɓa yi masa aiki a ƙafa, ciwon ya ruɓe, ya tafi da shi. Nomau ne ya yi jinyarsa, kuma bai manta warin ɗakin ba.

Wata rana, ana saura mako guda a yi aikin, Nomau ya raka yayansa asibiti. Malamar asibitin, Malama Lantana, ta fito da wata leda a liƙe. A ciki akwai ƙyallaye shida farare, jiƙe da magani.

"Ƙazantar da ke ɓata ciwo ba a ganinta da ido," in ji ta. "Tana nan zaune a fatar kowa. In aka yanka sai ta shige ciki. Da safen ranar aiki za a goge masa jiki da waɗannan, su ne ke kashe ta."

Ta shiga jero dokoki ɗaya bayan ɗaya. Arzika yana ta "to, to," idonsa na waje kada mota ta tafi ta bar su. Da ta gama ta ce ya maimaita, sai ya sosa ƙeya. Nomau ya buɗe baki ya kawo su duka a jere, har da tarin da ta yi a tsakiya.

Malama Lantana ta miƙa masa ledar. "Kai ne mai gugar."

Ya karɓa da hannu biyu. "Ciwon Yaya ba zai yi wari ba," ya ce.

Wata rana da hantsi matan unguwa suka je rijiya suka tarar da Nomau zaune a baki da gora. An ce masa a ajiye ledar inda babu rana, babu zafi, kuma kada kowa ya taɓa. Ya duba ƙauyen kaf bai ga wurin da ya kai cikin rijiya sanyi ba. Sai ya sa ta a guga, ya zura ta tsaya kamu biyu saman ruwa, ya ɗaure igiyar a ƙugunsa.

"Nomau, matsa mu ja ruwa."

"Sai Talata."

"Talata? Mu sha me kafin Talata?"

"Ba a gaya mini ba."

Tuluna suka yi layi har gindin kanya. Mai unguwa ya zo ya yi faɗa, Nomau ya gaishe shi da ladabi, bai motsa ba. Sai da Tumba ta zo tana ɗaura ɗankwali.

"Kai mijin banza, ka tara mini gari! Ƙarƙashin randata ba sanyi ne?"

Ya tashi ya je ya sa hannu a jiƙaƙƙen yashin gindin randar, ya daɗe yana ji, sannan ya yarda. Unguwa ta samu ruwa. Gidan Arzika kuwa daga ranar duk mai son sha sai ya nemi izini, Nomau ya ɗebo masa da kansa.

Wata rana Tumba ta dawo daga barka ta ga tsakar gida kamar an yi ambaliya. Doka ta biyu ta ce duk abin da zai taɓa jikin mara lafiya bayan guga ya zama wankakke. Malamar riga da wando da zanen gado take nufi. Nomau ya zauna ya lissafa abin da ke taɓa jikin yayansa. Ya wanke riguna, ya wanke tabarma, ya wanke buzun salla da carbi da hula da takalma. Ya wanke akumarin jaki, ya wanke jakin. Ya jiƙa rediyon da Arzika ke rungumewa da yamma a cikin kwano da sabulu.

Arzika ya ɗaga rediyon, ruwa na tsiyaya. "Nomau, me wannan ta yi maka?"

"Kullum tana kan cikinka, Yaya. Daidai inda za a yanka."

Sannan ya juyo ya dubi Tumba, ya miƙa mata sabulu da soso.

"Na me?"

"Ke ma kina taɓa shi."

Ta bi shi da muciya har zaure. Da ta dawo ta tarar ya ajiye mata sabulun a bakin ƙofarta. Rediyon dai ba ta sake magana ba. Ba a yi asara ba, dama ba abin da take kawowa sai kiɗa da hana mutane aiki.

Wata rana, Juma'a ce, Jaɓɓi wanzami ya yi sallama. Shekara ashirin shi ke yi wa Arzika aski kafin masallaci. Ya shimfiɗa buzu, ya kwance zabira, ya fara wasa aska a tafin hannu. Nomau ya fito daga bayan rumbu ya riƙe masa wuyan hannu.

"An ce kada aska ta taɓa shi har a yi aiki. Tana tsaga fata, ƙazanta ta samu ƙofa."

"A ciki ake nufi, ɗan nan! Ni kai zan aske."

"Ba a ce ciki ba. An ce shi."

"Ni na yi maka askin suna! Ni na cire maka belu!"

"Na gode, Baba. Sai bayan Talata."

Jaɓɓi ya ce to, tun da aski ya gagara, bari ya yi wa Arzika ƙaho biyu a ƙugu, a zuƙe mataccen jini, aikin likita ya zo da sauƙi. Arzika har ya fara ɗage riga. Nomau ya tambaya ko da me ake tsaga wurin ƙahon. Jaɓɓi ya dubi askarsa. Nomau ya naɗe zabirar, ya hau rumbu ya jefa ta ciki, ya zauna a kan murfin. Sai da wanzamin ya rantse zai wuce gida kai tsaye aka sauko masa da ita. Arzika ya tafi masallaci da suma, ya danna hula har kunne, abokai na tambayarsa ko ya koma kiwo ne.

Wata rana, ita ce Talatar, bayan an sauko daga sallar asuba Arzika ya yi wanka, jikinsa ya bushe. Ya tsaya a makewayi da ɗan bante. Nomau ya wanke hannu sau uku, ya rataya jakar wankakkun kaya a kafaɗa don kada ta taɓa ƙasa. Sauran tufafin yayan duk ya kulle su a adaka saboda ƙura, mabuɗin na wuyansa. Ya yage ledar.

Kowane ƙyalle da wurinsa, ba a maimaitawa, ba a kai shi fuska, ba a ɗauraye jiki bayansa. Na fari wuya da ƙirji. Na biyu hannuwa.

"Abin nan danƙo gare shi," in ji Arzika. "Miƙo buta."

"Ba a ɗaurayewa. Ɗaga hannu ya bushe da kansa."

Na uku na ciki ne da ƙugu. Nomau ya ce a kwance gurun layar da ke ɗaure a ƙugun yayan. Arzika ya ce a goga ta samansa. Nomau ya tsaya yana kallonsa da ƙyalle a hannu har ya gaji ya kwance. A ƙarƙashin gurun, yatsa uku daga inda ƙabar take, akwai maruru ja, ya nuna, bakinsa ya yi fari.

Arzika ya san da shi kwana huɗu ke nan. Ya ɓoye ne don kada a ɗaga masa rana.

"Ƙurji ne kawai," ya ce ƙasa-ƙasa. "Goge da ƙarfi ya fashe, mu wanke, mu tafi. Ba mai sani."

Doka ta ƙarshe kuwa ta ce: in ka ga ƙurji ko rauni, ka tsaya nan, kada ka ƙara guga, ka zo ka gaya mini. Nomau ya jefar da ƙyallen. Ya juya ya fita da gudu, jakar kaya na kaɗawa a bayansa.

"Nomau! Wandona!"

Mota ɗaya ce ke zuwa gari da safe, kuma tana bakin kasuwa tana jiran su. Nomau ya faɗa ciki. Direban ya leƙo.

"Ina mara lafiyar?"

"An ce in zo in faɗa. Ba a ce in zo da shi ba."

Direba ya ɗauka wani saƙo ne daga asibiti, ya ja mota.

A asibiti mutane sun cika baranda, maza gefe, mata gefe. Nomau bai bi layi ba. Ya tsaya a tsakiya ya ɗaga murya.

"Malama! Yaya Arzika na Tungar Gawo yana da maruru a ƙarƙashin guru, kusa da ƙabarsa! Ya ce in fasa kada kowa ya sani!"

Baranda ta ɗauki dariya. Mutum biyar a wurin 'yan Tungar Gawo ne.

Malama Lantana ta fito. "Ina yake?"

"Yana makewayi. Yana bushewa."

Sai bayan azahar Arzika ya iso a kan amalanke, da zanen Tumba a ƙugu da rigar maƙwabci a sama. An riga an yi wa mutanen ranar aiki, likita na wanke hannu zai tafi. Arzika bai ko kalli ƙanensa ba.

"Likita, wawan nan ya kashe ni. Ya cinye mini mako biyu. Bana ma ba noma ke nan."

Likitan ya ce ya kwanta. Ya ɗage zanen, ya duba marurun, ya danna gefensa, mugunya ta fito.

"Wa ya yi gugar?"

"Ni ne," in ji Nomau.

"A ina ka tsaya?"

"Inda na gan shi."

Likitan ya juya ga Arzika. "Da ya bi maganarka, da ya fasa wannan ya kwashi mugunyar ya shafe ta daidai inda zan sa wuƙa. Ka zo mini da fata a goge, wurin ya lafa, mutum goma sha biyu na jira, mai yiwuwa in yanka. Mako biyu kake kuka? Na ga wanda irin wannan ya kwantar wata huɗu. Na ga wanda bai tashi ba."

Aka wanke marurun, aka ba shi magani da sabuwar leda, aka sa masa wata Talatar. Kwana goma ya yi ba ya amsa gaisuwar Nomau, shi kuwa kullum sai ya durƙusa ya gaishe shi, ya ɗebo masa ruwa a randa, ya tambayi marurun.

Da safen Talata ta biyu Arzika ya fito wanka ya ɗauko sabuwar leda da kansa. Ya kwance gurun ba a ce masa ba, ya miƙa wa ƙanensa ledar.

"Ungo. Duba ko'ina. Amma wandon ka rataye shi inda nake ganinsa."

Aka yi aiki. Ciwon ya kame tsaf, ko ɗigon ruwa bai yi ba, aka cire zare ranar da aka ce. Ruwan fari ya sauka Arzika na da sauran kwana tara, don haka Nomau ne ya yi saran shuka, Tumba na binsa da iri, maigidan na zaune a kan kututture yana nuna musu layi da sanda. Noman fari kuwa Arzika da hannunsa ya yi shi, gona biyun duka.

Jaɓɓi wanzami ya tare Nomau a bakin gonar ran nan, ya ce masa gari na cewa ashe shi ne mai hankalin gidan.

Nomau ya sauke fartanya ya yi tunani.

"Ni ban san wannan ba, Baba. An ce in tsaya, na tsaya."