Jirgin Gashin Zabi

A shekarar nan babu mai tafiya a Kurmin Ɗorawa kansa a ƙasa. Ba girman kai ba ne, tsoron shaho ne. Shahunan Baƙin Dutse sun gano hanyar garin, kullum da hantsi sai sun sauko sun suri ɗan tsako ko ɗan zomo, hankalinsu kwance kamar masu zuwa cefane.

Da ba haka abin yake ba. Garin yana da makaminsa, wato ƙayar beguwa. Duk shekara dangin beguwa kan zubar da ƙaya, a tsince ta a kakkafa a kan akurki da rufin ɗaki, tsini yana kallon sama. Shahon da ya kawo sura sai ya koma da ƙafa tana jini. Sai Kura ta zama Ministar Ciniki, ta gano cewa ƙayar tana da kasuwa a waje. Aka fara da rara, aka koma ta rumbu, daga nan aka bi rufin ɗakuna ana zarewa. Masu sayen kuwa shahunan ne da kansu. Ba su da abin yi da ita, a rami suke zubawa. Su dai kada ta kwana a kan akurki.

Cikin waɗanda abin ya fi ci akwai wata zabuwa mai suna Tabawa. Da damina ta ƙyanƙyashe 'ya'ya cike da akurki, kafin kaka saura biyu. Su ma fikafikanta ne suka tsirar da su: da ta ga inuwa ta gifta sai ta buɗe, su shige ciki.

Da kuka ya yi yawa, Sarki Zaki ya tara majalisa. Dila, Ministan Ƙere-ƙere, shi ya fara miƙewa.

"Ranka ya daɗe, abin kunya ne ƙasa mai tarihi irin tamu har yau daga ƙasa take kallon abokan gaba. Lokaci ya yi da za mu ƙera jirgin yaƙi namu na kanmu, ƙirar gida. Matasa su samu aikin yi, shaho ya shiga taitayinsa, jikokinmu su yi alfahari da mu."

Kura ta yi irin dariyarta. "Jikoki? Wa ya ga jikoki? Ni maganar yau nake yi. Albarkacin ƙayarmu duniya ta san sunanmu. Ƙasar da ke sayar da makami ita ake shakka. Kuma abokan cinikinmu mutanen kirki ne, ko sau ɗaya ba su taɓa neman ragi ba."

"Su waye abokan cinikin?" in ji Dila.

"Wannan sirrin tsaro ne."

Suka yi ta sa-in-sa, wannan ya kira waccan 'yar kasuwar buƙata, waccan ta kira wannan mai mafarki da rana tsaka. Can daga bakin ƙofa Tabawa ta durƙusa.

"Allah ya ja zamanin sarki, ni ban san jirgi ba, ban san kasuwar waje ba. 'Ya'ya biyu suka rage mini. A taimaka a mayar mana da ƙayar kan akurki."

Abin mamaki, nan take bakin ministocin ya zo ɗaya. Dila ya ce wannan tunanin mutanen da ne. Kura ta ce irin wannan magana ce ke korar masu zuba jari.

Shi Zaki yana da wata ɗabi'a: ba ya son ɓata wa duk wani mai haƙori rai. Ya yi hamma, ya ce dukansu sun yi gaskiya. A ci gaba da sayar da ƙaya don a samu abin ƙera jirgi, a kuma ƙera jirgi don a kare cinikin ƙaya. Fadawa suka ce ba a taɓa jin hikima irin wannan ba.

Dila ya kafa kwamiti. Kwamitin ya yi dogon nazari, ya cinye awaki masu yawa, sannan ya gano cewa abin da ke sa tsuntsu ya hau sama shi ne gashi. Saboda haka aka yi shela: kowane mai fiffike zai ba da gudummawar gashi don kishin ƙasa. Aka fige kaji, aka fige agwagi, aka zo kan zabi.

"Yallaɓai, ku bar mini ko fiffike ɗaya," in ji Tabawa. "Da shi nake rufe 'ya'yana."

"Haba Inna, daina son kai," in ji Dila. "Jiya 'ya'ya biyu gashinki yake rufewa, gobe ƙasa baki ɗaya zai rufe."

Aka fige ta tas. Ta koma gida tana rawar ɗari, 'ya'yanta suka kasa gane ta sai da ta yi magana.

Ranar ƙaddamarwa aka fito da jirgin filin gari. Wani ƙaton masaki ne, irin ƙwaryar da ake zuba hatsi, aka lilliƙe shi da gashin zabi da ƙaro. Kyau kam yana da shi. Aka ba da umarni duk talakawa su fito fili da iyalansu su yi tafi. Zaki bai fito ba, don rana tana sa masa ciwon kai. Ya zauna a soro, ya ce Biri, kakakin fada, ya riƙa kawo masa labari.

Dila ya yi jawabi, Kura ta yi nata. Aka ɗaura wa Jaki igiya ya ja jirgin a guje. Masaki ya yi ta gangara yana ƙwaram-ƙwaram, ya daki kututture, ya zauna. Aka sake, ya sake zama. Kura ta matso kusa da Dila ta raɗa masa cewa kada ya damu, tana da masu saye, suna neman gashi mai laushi na shimfiɗar sheƙa. Dila ya ce a raba biyu.

Suna cikin wannan inuwa ta gifta. Tabawa ta buɗe fikafikai kamar yadda ta saba, 'ya'yan suka ruga suka shige. Babu abin da ya rufe su. Shaho ya zaɓi wanda ya fi ƙiba, ya yi sama da shi a gaban kowa, ko sauri bai yi ba. Ta daɗe a tsaye da fikafikan nan tsirara a buɗe. Wanda duk ya gani sai da ya kau da kai, don abin ya wuce a kalla.

Ba ta yi kururuwa ba. Ta tura ɗan da ya rage gabanta, ta kama hanyar kogi. Kaji suka bi ta, agwagi suka bi, zomaye suka ɗauko 'ya'yansu. Dangin beguwa suka fito daga ramuka. Jaki ya dubi igiyar wuyansa, ya tsinke ta da haƙori. Kafin la'asar babu gidan da ke hayaƙi.

Biri ya shiga soro. Shi bai taɓa yi wa sarki ƙarya ba, kuma bai taɓa gaya masa abin da ba ya so ba, shi ya sa ya daɗe a kan aikinsa.

"Yaya, ya tashi?" in ji Zaki.

Biri ya leƙa ta taga. Ga jirgi a zaune jikin kututture. Ga gari wayam.

"Ya tashi, ranka ya daɗe. Gaba ɗayansa."

"Madalla! Ya yi nisa?"

"Yanzu haka ya kusa tsallake kogi."

"Ban ji ƙara ba."

"Ai shiru ya tashi, ranka ya daɗe. Ko tari babu."

"Yaushe zai dawo?"

"Wannan kam ba a sa rana ba."

Zaki ya yi murna ƙwarai. Ya ce a ƙara wa Dila sarauta, a ƙara wa Kura, a kuma buga tambura duk ƙasa ta ji.

Sautin ya iske su Tabawa a tsakiyar mashigi, ruwa ya kai mata ƙirji, ɗan yana kan bayanta yana neman gashin da zai riƙe.

"Inna, kiɗan mene ne ake yi a gida?"

Ba ta waiwaya ba. "Na tashinmu ne. Riƙe wuyana da kyau."