Ranar Da Aka Ba Sallau Izinin Ciwo

A bayan kamfanin casar shinkafa Tabawa take zaune. Mijinta ya rasu, ba ta da kowa sai ɗanta Sallau, masinja a kamfanin. Har gemu ya fito masa, amma abin da aka faɗa masa shi ke nan, ba ya ƙari ba ya ragi. Kullum ya fita sai gabanta ya faɗi.

Ana nan kamfani ya kawo sabuwar kwamfutar biyan albashi, aka fara kwashe bayanan hutun rashin lafiya daga fayil ana zubawa a ciki. Manaja ya ce kada wanda ya kuskura ya yi ciwo sai an gama, don ba inda za a rubuta. Kowa ya yi dariya, ban da Sallau.

Wata rana tari ya kama shi, irin mai tasowa daga ƙirji. Tabawa ta jiƙa magani, ya ture ƙoƙon.

"Inna, an hana. Sai an gama."

Ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta zagaya bayan ɗaki ta yi kukanta.

Wata rana akawu ya ce a tabbatar ciwon kowa gaskiya ne kafin a shigar. Sallau ya bi gida gida, har gidan Nomau direba da aka binne da azumi. Ya tambayi matar, tana cikin takaba, ko da gaske mijinta ya yi ciwo. Ƙannen mamacin suka rako shi da duka. Tabawa tana gasa masa jiki ta ji haƙarƙari zalla, ga jini a hannun rigarsa inda yake ɓoye tarin.

Wata rana nas ta zo duba bayanan, akawu ya ce wa Sallau ya haɗo masu ciwon ƙirji wuri ɗaya. Fayil yake nufi. Sallau ya ari baro ya kwaso mutanen daga gidajensu, ya jera su a ofishin manaja. Manaja ya fara zagi, tarin mutanen ya rufe muryarsa. Nas ta bi su da tambaya, ashe duk ƙurar ƙaiƙayi suke shaƙa. Ta ce a kawo mota, ta ce Sallau ma ya shiga. Ya ce shi an hana shi. Ta zuba wa manaja ido.

"An gama, Sallau," in ji manaja. "Yi ciwonka."

Nan take Sallau ya zube ƙasa.

Da aka zo aka gaya wa Tabawa ɗanta na kwance a gadon asibiti, sai ta ɗaga hannu ta yi hamdala. Maƙwabta suka kalli juna, suka ce ashe wautar tasa gado ya yi.