Cikin Zomanyata

A shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, ina zaune a Gyaɗi-Gyaɗi, na sayi wata farar zomanya. Da cikinta ya fara tasowa sai na shafa, na ce wa maiɗakina, "'Ya'ya shida ne. Ni da na tashi cikin awaki, ciki ba ya ɓoye mini."

Na ninka mata dusa da ganyen dankali, har kunun kanwa na sa aka dama mata. Maƙwabta kowa na yi masa alkawarin ɗa guda, na rubuta sunayensu da ajami.

Kwana hamsin shiru, ga numfashinta ya yi nauyi. Hankalina ya tashi, maƙwabta biyu suka raka ni Tarauni wurin Baba Sule mai kiwon zomaye. Ya juya ta, ya duba, ya daɗe yana kallona.

"Malam, wa ya ce maka ciki ne?"

"Ni na shafa, Baba."

"To, wannan ƙato namiji ne. Kitse ke neman kashe shi."

Salati kawai na iya yi.

Har yau in na fito masallaci sai wani ya ce, "Malam, yaushe ne sunan?"